Baba Nomau da Kiɗan Cikin Kamyo

Har yau ban manta da ranar da Baba Nomau ya fara shigowa gidan rediyonmu ba, riƙe da wani ɗan ƙulli cikin ƙyalle kamar mai ɗauke da magani. Ku da kuka kama aiki bayan an jawo mana wutar gari ba za ku gane yadda gidan yake a lokacin ba, don haka bari in fara da ɗan bayani.

A shekarar 2010 ne, cikin bazara. Damanar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna sun ƙare tun kafin sanyi ya wuce, kuma a watan biyu sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ni an turo ni daga Tasawa in riƙe injinan wata ƙaramar rediyon karkara a Mayahi. Muƙamina teknisiye, wato mai kula da na'ura. Ni ke kunna injin watsa shiri, ni ke daidaita ƙarfin murya, ni ke hawa rufi kowace safiya in goge fanon hasken rana da tsumma. Matata da yara na bar su Tasawa wurin mahaifiyata. Masu gabatar da shirye-shiryenmu, waɗanda dama aikin sa kai suke yi, ɗaya bayan ɗaya suka bi sauran samari zuwa Najeriya da Agadas neman abin kawo wa gida. Aka bar mu mu biyu: ni da shugabar gidan, Madam Hadiza, tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko, tana zuwa da safe da kuma yamma.

Tsarin aikin shi ne mu buɗe da safe, mu rufe da hantsi don batura su sha rana, sannan mu sake buɗewa bayan la'asar. Abin da muke watsawa bai wuce sanarwa ba: inda za a sayar da hatsi mai rahusa, dabbar da ta ɓace, wanda ya rasu, saƙon wanda ya yi tafiya, sai kuma sanarwar hukuma da ake karantawa yadda ta zo, ba ƙari ba ragi. Tsakanin hantsi da la'asar ni kaɗai ne a gidan. A ɗakin ajiyar kaya nake kwana, bayan sitidiyo. Akwai ranakun da in ka cire gaisuwar masallaci, duk maganar da na yi da makirfo na yi ta.

Ranar kasuwa ce, rana ta take, sai na ji sallama. Dattijo ne dogo, siriri, da tsohuwar hular ulu duk da zafin da ake yi. Ya ɗaure jakinsa da amalanke a gindin itacen bedin da ke ƙofar gida. Bayan mun gaisa ya ce sunansa Nomau, daga Atantane yake, kuma tsohon shofer ne, wato direba.

"An ce mani kai ne mai injin gidan nan," in ji shi.

"Ni ne, Baba. Sanarwa ce?"

"A'a, ɗana. Ba ni da wanda zan yi ma sanarwa."

Ya kwance ƙullin. Kile ce, irin wadda ake soka wa komfuta, ƴar ƙarama kamar yatsa. Ya ce ɗansa da ke aiki Yamai ya aiko mashi da ita, kiɗi ne a ciki. Ya kai wa masu sa waƙa a salula na bakin kasuwa, sun gwada sun gwada, sun ce wayarsu ba ta karanta ta.

Da na soka ta a komfutar sitidiyo na gane dalili. Waƙar da kuke ji a salula an matse ta ne, an zubar da wani abu daga cikin sautin don ta yi ƙanƙanta ta shiga waya. Waɗannan kuwa ba a matse su ba. An ɗauko su ne daga asalin zaren da aka naɗe su a kai tun farko, aka mai da su na komfuta da cikakken sautinsu, har faifai guda ya fi nauyin dukan waƙoƙin da ke cikin wayar mutum. Kiɗan Turawa ne na shekarun saba'in, wanda suke ce ma rok: gita mai lantarki, ganguna, da mawaƙi mai buɗe maƙogwaro. Fayafayi ne cikakku, kowane da hoton bangonsa.

Na ce mashi komfutarmu za ta iya, amma ba ni da ikon kunna ta a lokacin hutun batura sai da iznin Madam. Ya ce zai jira. Ya zauna a inuwar bedi har la'asar.

Madam ba ta yi murna ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Mutari, mutane na cin ganye, kai kana so ka ƙona mani batir a kan kiɗan Nasara? In wuta ta ɗauke tsakiyar sanarwar hatsi, mi zan ce ma mutane? Kuma a wannan lokaci da kowa ke sa ido, a ji ana kiɗan da ba a san ma'anarsa ba a gidan rediyo?"

Na ce mata da tsakar rana batura na cika har fano na ba da wutar da ba mu da inda za mu zuba ta. Ba za a kunna injin watsawa ba, komfuta ce kawai da kasko, wato abin saurare na kunne, ba wanda zai ji ko a bakin ƙofa. Ta leƙa ta taga ta dubi dattijon yana ba jakinsa ruwa a tsohon kwano.

"Ranar kasuwa kaɗai," in ji ta. "Kuma ba panka. In kuna son kiɗi ku sha zafi."

Mako na zagayowa ya dawo. Na zaunar da shi a kujerar mai gabatarwa, na sa mashi babban kaskon sitidiyo bisa hularsa, na tambaye shi wanne zan fara sa wa. Ba ya karatun boko, amma ya san bangon kowane. Ya nuna ɗaya da yatsa. Na kunna, na koma kan allurar da ke nuna ƙarfin sauti ina dubawa, kamar yadda na saba.

Ba a yi nisa ba na ga ya ɗaga hannu. Na tsayar.

"Wane ne wannan?"

"Wa, Baba?"

Ya taɓa kunnensa na dama. "Akwai wani nan gefen. Yana amsa ma wancan. Ba ya cikin nawa kaset."

Na mai da baya, na duba allurai biyu, ta hagu da ta dama, na gane. Irin wannan kiɗi ana raba shi gida biyu, wani sashe kunnen hagu, wani kunnen dama. Wanda ya kwafa mashi kaset tun asali, da alama waya ɗaya ta katse mashi, gefe ɗaya kaɗai ya ɗauka. Na yi mashi bayani yadda zan iya. Ya dafe kaskon da hannu.

"Shekara talatin da wani abu," ya ce a hankali, "ina cewa mutumin nan shi kaɗai yake kiɗinsa. In ya yi shiru sai in ce hutawa yake. Ashe jira yake ɗan'uwansa ya gama. Mai da shi farko, ɗana."

Ranar bai ƙara magana ba sai da faifan ya ƙare. Gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa bai share ba.

A hankali, mako bayan mako, na ji labarinsa. A babban farin shekarun saba'in, shekarar da soja suka fara karɓar mulki a ƙasar nan, yana saurayi yana tuƙa kamyo, babbar motar agaji, yana ɗauko hatsi daga Maraɗi zuwa ƙauyukan arewacin Mayahi. An haɗa shi da wani Bature ma'aikacin agaji da suke ce ma Dogo. Dogo ba ya jin Hausa sosai, shi kuma Nomau ba ya jin yarensa. Abin da suke gani a hanya, gawar shanu da mata masu tono gidan tururuwa neman tsaba, ba abin da za a yi hira a kai ba ne ko da suna jin juna. To sai Dogo ya kunna ƴar rakodarsa, su yi ta tafiya cikin yashi ba mai cewa komai. Da zai koma ƙasarsu ya sa aka kwafa ma Nomau kaset-kaset ɗin. Da su ya yi sauran shekarunsa na tuƙi, har zaren ya riƙa tsinkewa yana liƙawa da ƙaro, har suka mutu gaba ɗaya. Kiɗan da ke cikinsu ne ɗansa ya nemo ya zuba mashi a kile.

"Ka san abin da suke faɗi?" na tambaye shi wata rana.

"Ko kalma guda. Ɗana ya ce zai fassara mani, na ce ya bari. In na ji wata ƙila shirme ne, in rasa abin da nake da shi."

Matarsa ta rasu da daɗewa. A Atantane yana zaune da ƙanwarsa Tsahara, ita ma mijinta ya rasu. Ya ce mutanen gari ba su taɓa zaginsa ba, amma tun yana kunna kaset a ƙofar gida suke cewa tuƙin dare ya taɓa mashi kai. Abokansa na masallaci in ya fara zancen sai su yi dariya su kawo wani. Da haka ya daina.

Na saba da zuwansa fiye da yadda na sani. Tun jajibirin kasuwa nake goge kaskon. Yakan zo mani da ɗan ƙullin goriba ko magarya, ni kuma in dafa shayi mu sha bayan an gama. Faifai ɗaya yake ji kowane zuwa, ba ya yarda a tsallake waƙa, ba ya yarda a yi magana a tsakiya. Akwai guda mai baƙin bango da kullum yake cewa a bar shi sai ƙarshe, wai shi ne wanda suka fi ji da Dogo.

Sai wata ranar kasuwa bai zo ba. Ta gaba ma haka. Na shiga kasuwa na nemi masu amalanken Atantane, wani ya ce mani ai Baba Nomau ya sai da jakin, ba abin ba shi, kuma ƙafafunsa sun kumbura, ko masallaci da ƙyar yake zuwa.

A ƙa'idar aiki ba a fitar da kayan gidan rediyo sai da takardar izinin fita mai sa hannun shugaba, wadda za ka nuna in jami'an tsaro sun tare ka a hanya. Muna da wata tsohuwar komfutar hannu da wata ƙungiya ta ba mu, batirinta ya gaji, in an cika shi da ƙyar yake kai tsawon faifai guda. Dama Madam na son a je ƙauyuka a ɗauko muryar mutane kan yadda sayar da hatsi ke tafiya. Na ce mata zan je Atantane, zan yi hirar da ƙaramar rakoda, amma ina roƙon ta bar ni in tafi da komfutar da kasko.

Ta ce, "Kasko ɗaya gare mu mai kyau. In ya karye da mi za ka yi aiki?"

"Zan naɗe shi cikin bargona, Madam."

Ta sa hannu, ta buga hatimi. Da zan fita ta kira ni, ta miƙo mani leda da garin rogo da ɗan sukari. "Ka ba ƙanwar tasa. Kada ka ce daga wurina ne."

Na ari moto, wato babur, na kama hanya da sassafe. Gonaki fayau, an share ana jiran ruwan da bai zo ba. Ƙauyukan da na ratsa tsofaffi ne da mata, gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Na gama hirarrakina kafin azahar, sannan aka nuna mani gidan.

Inna Tsahara ta tarbe ni. Na same shi kwance bisa tabarma a rumfar kara, ya rame har hular ta yi mashi yawa. Da ya ga abin da nake kwancewa daga bargo sai ya yunƙura ya zauna.

"Kai, ɗana. Har nan?"

"Saura mai baƙin bango, Baba. Amma batirin ba shi da ƙarfi. In muka kunna yanzu ba tsayawa, wata ƙila ya kai ƙarshe, wata ƙila bai kai ba."

Inna Tsahara ta ce daga bakin murhu, "Wannan kiɗan aljanun ne har yanzu? Mutum ba ya iya tashi amma yana iya wannan." Ta faɗa tana dariya, ta kawo mana ruwa.

Na sa mashi kasko na kunna. Ya jingina da ginshiƙin rumfa ya rufe ido. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, yatsunsa na motsi bisa gwiwa kamar mai riƙe da sitiyari. Ni ina duban alamar batir tana raguwa. Da aka kai wajen rabi sai ya buɗe ido, ya cire kaskon da hannu biyu ya miƙo mani.

"Wani abu ya lalace?" na ce.

"Kai ka taɓa jin shi?"

Gaskiya ban taɓa ba. Duk makonnin nan allura nake kallo, in ta hau ja in rage, in ta faɗi in ƙara. Haka aka koya mana.

"Baba, batir zai ƙare. Naka ne. Ni ko yaushe ina iya ji a sitidiyo."

"Ba za ka ji ba. In ka koma aiki zai ɗauke ka." Ya tura mani shi a hannu. "Ni na san abin da ke gaba, na san shi kamar hanyar Maraɗi. Abin da ban taɓa samu ba shi ne mutum guda a ƙasar nan da zan ce ma, ka ji wurin nan? ya ce mani ya ji. Dogo ma ban taɓa iya tambayarsa ba. Sa, ɗana, kada ka ɓata wutar."

Na sa.

Ba zan yi maku ƙarya ba, da farko hayaniya na ji, kamar maƙera sun haɗu da masu daka. Na so in cire. Amma yana zaune gabana ya zuba mani ido, don haka na rufe nawa. Can sai abin ya fara rarrabuwa. Na ji mai ganga yana can baya, na ji wata gita mai kauri tana tafiya ƙasa-ƙasa kamar injin babbar mota a yashi, wata siririya na kuka a samanta. Sautin ya fito tas har ina jin ƙarar yatsa in ya goga a kan tsirkiya. Sai a wani wuri kowa ya tsaya cak. Cikin shirun nan na ji mawaƙin ya ja numfashi, dogo, yana ɗan rawa, kamar mutumin da zai faɗi abin da ya daɗe yana riƙewa. Ban san lokacin da Tasawa ta faɗo mani a rai ba, da ƴata ƙarama da ta fara tafiya ba na nan. Mawaƙin ya buɗe murya, gangunan suka dawo gaba ɗaya, ana cikin haka komfutar ta mutu.

Na cire kaskon. Kurciya na kuka a bayan gida, Inna Tsahara na kankare tukunya.

"To?" in ji shi. "Mi ka ji?"

"Akwai inda suka tsaya duka, ya ja numfashi."

Ya dafe ƙirji. "Ka ji shi? Numfashin ya fito?"

"Ya fito, Baba. Kamar yana zaune nan inda kake."

"A nawa kaset shuuu kawai ake ji a wurin. Amma na san yana nan. Kullum in mun zo wurin, sai Dogo ya ɗaga yatsa." Ya juya wajen ƙanwarsa, muryarsa ta ƙaru. "Tsahara! Kin ji? Ya ji wurin!"

"Na ji, Yaya," ta ce. "Allah ya ba ku lafiya ku biyun."

Muka zauna har rana ta karkata yana yi mani tambaya. Mai gangar fa, ban ga kamar yana sauri ba? Wace gita ta fi burge ni? Na ce mai kaurin. Ya ce a'a, ban iya ji ba tukuna, siririyar ce uwar tafiya. Muka yi gardama sosai, yana dariya yana tari. Tun da na zo Mayahi ban yi magana mai tsawon wannan da kowa ba. Da zan tafi na miƙa mashi kilensa, ya ce in riƙe, shi ba ya da inda zai soka ta.

Kafin ruwa ya sauka ɗansa ya zo ya tafi da shi Yamai wurin likita. Ban sake ganinsa ba. Bayan an fara cin sabon hatsi, wata yamma, aka kawo sanarwoyi kamar kullum, Madam ta jera mani su, don har lokacin ba mu da mai gabatarwa. Ina cikin karantawa kai tsaye na iso kan ta rasuwar Malam Nomau, tsohon shofer, na Atantane. Na karanta ta har ƙarshe, da ranar addu'a da komai, don makirfo a buɗe yake kuma akwai wata sanarwar hatsi a bayanta da mutane ke jira. Da na rufe, Madam ta zo ta tsaya bayan kujerata, ta kashe jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri da hannunta.

Abin da nake so ku ɗauka, ku sababbi, ga shi. A wannan aiki za a koya maku waya da batir da allura, kuma dole ku iya su, don in sun lalace ba mai jin kowa. Amma allura ƙarfin murya kaɗai take nunawa. Mutanen da ke shigo mana da kile, ko tsohon kaset, ko ƴar takardar gaisuwa ga wanda ya tafi Libiya, da yawansu ba inji suka zo nema ba. Sun daɗe suna jin wani abu su kaɗai. In kun gama daidaita sauti, ku ɗauke ido daga kan na'ura, ku sa kaskon a kunnenku, don in mutum ya tambaye ku mi kuka ji, ku sami abin da za ku ce mashi.